Zanen Jego

A gidanmu a Kebbe zane ba ya ƙarewa lokaci guda. Yana sabo, na fita unguwa ne. In ya fara koɗewa ya koma na tsakar gida, daga nan a yi goyo da shi, sai can ƙarshe ya zama gammo ko tsumman sauke tukunya. Haka na tarar, haka na riƙe. Ban taɓa shanya atamfa a rana ba.

Akwai wata shuɗiyar atamfa da nake ɗaurawa tun maigidana yana da rai. Da ta yi laushi sai na hana kaina ita, na wanke, na ninke, na adana. Sabon yadi yana cin fatar jariri. Tsohon da ya sha wanki shi ne na jego. Ɗa guda gare ni, malamin makaranta a Tambuwal, kuma na ƙudurta a wannan zanen za a naɗe ɗansa na fari. Ba ni da abin kai musu da ya fi shi.

Da matarsa ta sauka, aka sami mace, na hau mota. Na tarar da jaririyar cikin sabon tawul, ga wasu jibge ko ledarsu ba a cire ba. Na miƙa zanen. Mai jegon ta durƙusa ta karɓa hannu biyu, ta ce, "An gode, Inna." Ban yi bayani ba. A wurinmu ba a yi wa mai jego bayanin tsohon zane.

Na zuba ido, ban gan shi jikin yarinyar ba.

Ran suna da safe na fito, sai ga ɗana tsugune yana goge babur da shuɗin ƙyalle. An yaga shi biyu.

Na ce, "Kai, mi kaka yi da wannan?"

"Tsumma ne, Inna. Ita ta ba ni."

Matar ta leƙo daga ɗaki. "Wallahi Inna, na ɗauka na goge-goge kika kawo muna. Na ga ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, ɗiyata. In ya gama da shi sai ki miƙa mai ni."

Suka yi dariya, sun zaci wasa nake.

Na tambayi ɗaya rabin. Yana madafa, ya sha manja.

Na shiga na ɗauki jikata cikin tawul ɗinta, na daɗe riƙe da ita, ina gyara mata bakinsa inda yake gogar wuyanta. Bayan la'asar na ce zan koma. Ɗana ya kai ni tasha a kan babur ɗin. Bai tambaye ni dalilin saurina ba.