Ceshmar Zulbiye

Bai Rufat (“Bai” laƙabin girmamawa ne da muke sa wa manya) bai iya zama ba. Maƙwabcinmu ne tun ina yarinya, kuma a duk shekarun nan ban ga ya shanye kofi a zaune ba. Zai kurɓa a bakin ƙofa, ya kurɓa a wajen tarin itace, ragowar ya mance da ita a kan katanga. Da ƙuruciyarsa shi ke raba wasiƙu a ƙauyukan da ke manne a duwatsun Rodopi, da ƙafa, ko ƙanƙara ta kai gwiwa. Da ya yi ritaya aiki ya ƙare, amma ƙafafun ba su ji labari ba.

Matarsa Zulbiye ce kaɗai ke iya taka masa burki. Ta bayan katanga nake jiyo ta: "Rufat, kujerar nan ba ta cizo! Zauna, kana sa ni jiri." Sai ya ɗosana, ƙafa tana rawa, kafin ta juya ya kai bakin hanya.

Hawan da ta yi na ƙarshe tare da shi, sun kai wani idon ruwa a saman makiyaya. Ta gaji, ta soka sandarta a cikin laka, ɗanyen reshen varba, wata bishiyar bakin ruwa, da ya yanko mata a hanya. Ta ce ya bar sandar nan, sa ɗauka in sun dawo. Ba su dawo ba. Zulbiye ta rasu a sanyin shekarar, sanda kuma ta yi saiwa ta yi ganye, don varba in ta samu ruwa ba ta neman komai.

Ya yi mata abin da muke yi wa mamatanmu, ya gina ceshma. Ya binne bututu daga idon ruwan ya gangaro da shi bakin hanya, ya yi kwami na dutse don dabbobi, ya ɗaure moɗa da sarƙa, ya sa aka sassaƙa sunanta. Duk wanda ya sha, mutum ko tunkiya, ladan nata ne. Bai Rufat ya ɗauki wannan magana da gaske fiye da liman. A wurinsa, muddin ruwan na zuba, Zulbiye tana samun rabonta.

Ni ce malamar makarantar ƙauyen, kuma duk shekara in ƙanƙara ta narke nakan fita da yara dutse. Ban gayyace shi ba. Ranar farko dai na waiwaya na gan shi a gaban layi, yara na bin sa, ni mai aji an bar ni a baya da jakar burodi da cuku. Na ji haushi, har yau ma in na tuna ina ji. Ga shi da gaggawa! Zai sa su kwanta rubda ciki su kara kunne a ƙasa su ji tafiyar ruwa, kafin su ji komai ya ce, "Ku tashi, ku tashi, ga sawun barewa can!" Ina fara bayanin ganye zai kwashe min rabin aji zuwa gidan tururuwa. Amma yaran sun koya. Sun san wace ciyawa ke nuna ruwa na kusa, sun san ba a barin ceshma sai an kwashe ganyen da ya taru a kwami. Dyado suke ce masa, kamar kakan da ya haifi iyayensu.

Sai shekarar da ceshmar Zulbiye ta ƙafe. Ta fara da ɗiga, ta koma tsit. Mutumin nan ya zama abin tausayi. Ya hau da safe, ya sauko, ya sake hawa. Ya busa bututun, ya zura waya, ya zagi fari, alhali ruwan sama bai yi ƙasa ba a shekarar. Ya rame. Har miyar wake na kai masa, ya ci cokali biyu a tsaye ya aje.

Wata safiya ya faɗo min aji ba ko sallama.

"Sevdiye, ara min yaranki."

"Bai Rufat, awaki ne da zan ara maka? Muna lissafi."

"Lissafin zai gudu ne? Matata tana can ba ruwa!"

Na aje alli, na ce kowa ya je gida ya sa takalmin hawa.

Idon ruwan yana nan cike, a ƙarƙashin varbar da ta zama ƙatuwar bishiya. Ke nan matsalar a hanya take. Ya jera yaran a kan layin bututun, kowa da ƙaramar fartanya, shi kuma yana zirga-zirga a kansu: "A hankali, kai Erhan, bututu ne ba dankali ba! Ayten, ke haƙa kike ko susa?" Erhan ɗin ne, wani ɗan rigima mai kunnuwa kamar faranti, ya kai ga mahaɗar farko. Aka kwance ta. Ya zura hannu ya jawo, ya yi ta jawowa, wani abu ja mai tsawo kamar jelar doki yana fitowa. Saiwa ce. Ta shiga ta ɗan tsagu ta cika bututun tam.

Ba wanda ya tambayi saiwar wace bishiya ce. Duk muka ɗaga kai.

Bai Rufat bai taɓa hawa dutse ba gatari ba. Ya zare shi daga ɗamara ya nufi varbar. Ya zagaya ta. Ya sake zagayawa. Ya dafa ta, ya ja baya, ya gyara tsayuwa, ya sake zagayawa. In ya bar ta, za ta shanye ruwan Zulbiye. In ya sare ta, sandar Zulbiye ya sare.

Ayten ta ce, "Dyado, ai mun cire saiwar."

"Za ta dawo," ya ce. "Baɗi war haka ta sake toshewa. Taurin kai gare ta, irin na mai sandar."

Erhan ya share hanci da bayan hannu, ya bar laka a fuska. "To mu ma ba sai mu dawo ba? Ai ya fi lissafi."

Na ce zan ci ƙaniyarsa in mun sauka. Bai Rufat bai yi dariya ba, amma ya mayar da gatarin. Muna haɗa bututun muka ji ihun yaran da ke ƙasa wajen ceshmar, ruwa ya zo. Tsohon nan ya gangara da gudu, ya riga yara isa.

Tun daga nan fitarmu ta farko kowace shekara ta zama ta cire saiwa. Ajin da ya wuce ke nuna wa na baya inda mahaɗar take. Shi kuma yana kansu yana faɗa.

Sanyin bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansa ya zo daga birnin Smolyan zai tafi da shi, tsohon ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Aka aje masa kujerar nan da ba ta cizo a bakin ƙofa, tana fuskantar dutse. Ko a hakan bai natsu ba. Ƙafar mai lafiya tana ta buga ƙasa, duk wanda ya wuce sai ya tare shi: "Daga sama kake? Tana zuba?"

Bana mun hau ba shi. Hawan ya yi min tsawo, ba mai katse min bayani, na kuwa ji ba daɗi. Da muka sauko muka tarar ya karkace a kujera don leƙen hanya. Wata yarinya ta miƙa masa kwalba cike da ruwan ceshmar, sanyi har ya yi gumi a jikinta. Ya kawar da kai.

"Na famfon makaranta ne. Kun ga na nakasa za ku yi min wayo."

"Haba Bai Rufat, ni zan yi maka ƙarya?"

"Ke ma tausayi gare ki, Sevdiye. Masu tausayi sun fi kowa ƙarya."

Sai ƙanin Erhan ya kwance jakarsa, ya zaro saiwar bana, doguwa, ja, tana ɗiga, ya ɗora masa a cinya. Bai Rufat ya dube ta. Ya sa hannun mai lafiya yana shafa ta, ruwa na jiƙa masa wando.

"Kin dawo dai," ya ce mata. "Ba kya jin magana."

Ƙafar ta daina bugawa. Ya miƙa hannu aka ba shi kwalbar, ya shanye ta tas, a zaune.