Simon Mai Hoto da Zakin Bappa Maikano

Kafin rana ta hau kan duwatsun Birnin Kudu, Simon mai hoto ya riga ya share ƙofar shagonsa, ya kakkaɓe labulen da ake tsayawa a gabansa, ya goge idon kyamara da gefen rigarsa. Daga nan sai ya zauna a benci yana jiran fuskoki. Ranar kasuwar Gwaram kuwa yakan bi motar 'yan koli da akwatinsa, ya kafa shi a gindin tsamiya. Haka yake yi tun shekarar da aka sami mulkin kai.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma garinsu, can kudancin Zariya. Hannunsa ya fara rawa. Samari kuma, tun da kuɗin man fetur ya shigo, hoto mai launi suke so, na Kano. Ba wanda ya shirya masa taron ban kwana. Gara a faɗi abin da ya yi tun yana nan, ya ji da kunnensa.

A Jos ya koyi sana'a, kuma a can aka koya masa aikin fensir. In ya ɗauki mutum ya wanke fim, sai ya ɗaga shi wajen haske ya bi fuskar da tsinin fensir, ya shafe ƙurji, ya cike tamoji, ya ɓatar da tabo. Tsohuwa ta shiga, budurwa ta fito. Mutane suna son haka, shi ma bai taɓa ganin laifinsa ba.

Sai dai Allah ya ɗora masa son zaki. Kowace bazara, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin ruwa, yakan kulle shago ya tafi Yankari da wata ƙaramar kyamara da ya saya hannun wani Baturen makaranta. Da ya sami hoton zakinsa na farko, ya wanke shi babba, ya rataye a jikin tsamiyar Gwaram don talla.

Ranar nan wani dattijon Bafulatani, Bappa Maikano, ya tsaya gaban hoton ya daɗe.

"Mai hoto, wannan angon ɗan wane gida ne?"

"Zaki ne, Bappa."

"Zaki? Wa ya yi masa wanka? Saura turare kawai a kai shi ɗakin amarya."

Kasuwa ta fashe da dariya. Bappa bai yi ba. Ya naɗe hannun riga, sai ga damtsen hagu a shanye, fatar ta tattare kamar busasshen kilishi.

"Wanda ya yi mini wannan a dajin Farin Dutse, ina saurayi a bayan shanun babana, na ga fuskarsa kamar yadda nake ganin taka. Ƙudaje a bakin ido, hanci a tsage, kunne a yage. Ina nasa tabon?"

Simon ya sunkuyar da kai. "Fensir na sa, Bappa. Sabo ne."

Da wani mai sana'ar ne, da ya tashi da faɗa, ya ce an kunyata shi gaban masu saye. Simon ya sauke hoton, ya jawo wa tsohon kujera, ya ce ya ƙara gaya masa. Nan Bappa ya faɗi damuwarsa. Dajin ya zama gonaki, rurin zaki ya ɗauke tun tuni, jikokinsa kuma suna zunɗe a bayansa cewa ƙahon bijimi ne ya yage shi. Ga yanar ido ta fara hawa idanunsa.

"Ka kawo mini shi yadda yake," in ji shi, "in nuna wa yaran nan da yatsana, in ce ga shi, kafin idon ya tafi."

Daga nan abin ya zama na kowace shekara. Simon ya kawo, Bappa ya rushe. Wani ya yi nisa, Bappa ya ce tarin kara ne a gona. Wani yana barci, Bappa ya ce jakin Ɗanbala mai itace ya fi shi kwarjini.

"Bappa, ba ya tsayawa in na ce ya tsaya."

"Ni ma bai nemi izinina ba."

Kowace shekara kuma tsohon yana ƙara matso da hoton kusa da hancinsa. Simon yana lura, sai ya ƙara girman takarda.

Shi ma ba ya haɗiye tasa gaskiyar. Wata rana ya ce, "Bappa, anya zakin da kake nema yana daji? Bara ka ce kansa ya kai ƙwarya, bana ka ce ya kai turmi." Tsohon ya ɗauki sandarsa ya tafi ba sallama. Kasuwa ta ci ta sake ci ba a gan shi ba. Sai ga shi da man shanu a 'yar ƙwarya. "Ɗan banza," in ji shi, "ka yi gaskiya. Girma yake ƙarawa a kaina. Shi ya sa nake son naka."

Sannu a hankali, fensirin ya bar fuskar mutane ma. Simon ya fara ba kowa fuskarsa yadda Allah ya yi ta. Masu saye da yawa suka gudu. Hapsatu ta Wurno ta taɓa jefa masa hoton mahaifiyarta a ƙasa, ta ce ya mai da ita tsohuwa. Ya ɗauka ya goge ƙura ya ajiye. Bayan rasuwar tsohuwar, Hapsatu ta dawo a sanyaye ta tambaya ko yana nan. Ita da kanta take ba da labarin, tana cewa duk hotunan gidansu wannan ne kaɗai in ta duba take ganin Innarta.

A bazarar bara Allah ya ba Simon abin da yake nema. Wani tsohon zaki, haƙarƙari a waje, ya ɗago kai daga shan ruwa ya dube shi. Hannu bai yi rawa ba. Simon ya wanke hoton bai jira kasuwa ba, ya nufi rugar Bappa.

Ya tarar da Bappa a gindin kanya, idanu sun yi fari fat. Tsohon ya karɓi hoton, ya kai shi har goshi, ya juya shi wajen rana, ya shafa shi da tafin hannu. Sannan ya kira 'yarsa.

"Turai, me kike gani?"

"Baba, tsoro yake ba ni. Tausayi kuma yake ba ni."

Simon ya durƙusa. "Bappa, ya yi?"

Tsohon ya ajiye hoton a cinyarsa.

"Ban gani ba, Simon. Da ina da ido ban yi maka ƙarya ba. Ba zan fara yanzu ba."

Turai ta ce ta ga leɓen Simon yana motsi, ta ɗauka roƙo zai yi, a ce masa ko da kalma ɗaya ce. Bai roƙa ba. Ya ce, "To, Bappa." Ya sha nonon da aka kawo masa, ya bar hoton a cinyar tsohon, ya kama hanya. Bappa ya rasu da damina.

Kai ne, Simon, wanda aka kushe a tsakiyar kasuwa ka kawo kujera. Kai ne ka yi shekaru kana neman yabo a baki ɗaya, ba ka samu ba, kuma ba ka yarda a ba ka na sadaka ba. Mai haƙurin jiran zaki, mun gode. Ka bar mana fuskokin iyayenmu da tabonsu da tamojinsu, mu kuwa ba mu ba ka komai ba sai ƙorafi.

Masu sana'a, tela da magini da malamin aji, in wani ya tsaya gaban aikinku ya ce bai yi ba, kada ku kore shi, ba kullum ake samunsa ba. Wanda kuma Simon ya taɓa ɗauka, shagon yana buɗe har ƙarshen wata. Ku je ku gaya masa abin da kuka gani, tun kuna da idon gani. Allah ya kai ka gida lafiya.