Rasit Ɗin Gaisuwa

Ni aji huɗu na yi a firamare, na biyar ta taga na leƙa shi. Na faɗa tun da wuri don kada wani mai digiri ya wahala yana tono abin da ban binne ba. Da aji huɗun nan na tsufa ina yankan rasit na harajin kansul, daga Karu har kasuwar Wuse. Da shi kuma muka kafa ƙungiyar ma'aikatan haraji, wadda yau take da ofis da labule da mai gadi mai tambayata wa nake nema.

Littafin tarihi ne ya tayar da rigimar. Lokacin farar hula sun zauna daram, arzikin mai yana shigowa, gine-gine na tsirowa kamar ciyawar damina, kowa ya rataya waya a ƙugu. Sai ƙungiyarmu ta ga ita ma ta isa a rubuta tarihinta. Ciyaman ɗinmu na lokacin mutum ne mai hankali, sa'an ɗana na fari, digiri biyu, takalminsa kana iya gyara hula a ciki. Aibinsa ɗaya: abin da ba ya kan takarda, a wurinsa bai faru ba.

A mitin aka karanta mana abin da aka rubuta. Shafi na farko ya ce an haifi ƙungiya a wani otal a Wuse, ranar da aka karɓo takardar rajista, bayan jawabi da shan lemo.

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ai wannan ranar suna ce. Haihuwa ta riga ta da shekaru."

"Baba, za mu zo kansa a ƙarshen ajanda."

Ƙarshen ajanda na san shi, nan ne maƙabartar maganata. Don haka na miƙe na ba da labarin a tsaye, ga shi kuma ina maimaitawa.

Ana gab da sojoji su koma bariki wani abokin aikinmu ya rasu a Karu. Bagwari ne, Kirista, mai gaskiya har ta yi yawa, don ko ƙanin mahaifiyarsa in ya kasa doya sai ya yanka masa rasit. Da muka je gidan, mu bakwai masu yawo da littafi a hammata, muka tarar da matarsa da 'yan coci ƙalilan da wasu tsofaffi. 'Yan kasuwa ko ɗaya. Wani mai nama har aike ya yi, wai a tambayi mamacin ko an nemi rasit a can. Mu muka kama diga muka haƙa, mu muka ɗauki akwatin. Da aka gama muka zauna a gindin mangwaro, kowa na hango tasa jana'izar. Babbanmu ya ce, "Jama'a, mai haraji ba shi da jama'a. In ba mu riƙe juna ba, wa zai ɗauke mu?" To nan aka haifi ƙungiya. Babu lemo.

Ciyaman ya saurara har ƙarshe, ban hana shi wannan ba. Sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri. Amma Baba, ina shaida?"

"Ga ni."

"Takarda nake nufi. Minit na mitin, ko hoto."

"A bakin kabari? Wa zai riƙe biro, wa zai riƙe diga?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Cikin mu bakwai ɗin nan huɗu sun riga mu gidan gaskiya, biyu sun koma garuruwansu, saura ni. Ya ce littafi zai tafi wurin bugu da zarar an gama aikin taimakon jama'a da za a yi ranar Asabar, don a sa hotunansa a ciki. In na kawo takarda kafin nan, to. In ban kawo ba, otal. Wato za a shafe mutum bakwai da mamaci ɗaya saboda rashin biro.

Aikin taimakon kuwa abin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ƙungiya ta riga ta gyara rijiya a wata unguwa, ta yi wa mahauta kwata. Wannan karon likitocin ido aka ɗauko, za a duba mutane kyauta a kasuwar Dutse Alhaji, a ba su tabarau. Sakatariyarmu, wata Hajiya mai tsari, ita ta haɗa komai.

Sai dai yadda muka je. Muka cika bas ɗin kansul, kowa da hular aiki da rigar aiki. Muka sauka da hantsi, aka kafa tebur a daidai ƙofar kasuwa, aka ɗora babban rajista, aka ɗora littafi mai yagewa mai lamba, wai don a ba kowa tikitin layi. Na ce, "Hajiya, wannan teburin ai kamar na san shi."

Ban rufe baki ba na ji ƙarar ƙofofin shago suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai rake ya tura baronsa cikin lungu. Wata mai tumatir ta kife faifai a kan kayanta ta zauna a kai tana kallon sama. Masu babur suka watse. Kafin likita ya gama goge madubinsa, kasuwa ta koma kamar ranar shara.

Ciyaman ya ɗauki lasifika. "Jama'a, kyauta ne! Ku zo kawai a rubuta suna da lambar shago!"

Na dafe kai. Ko akuya ka ce wa ta kawo suna da lambar shago sai ta tsinke igiya.

Daga bayan wata rumfa wani ya ɗaga murya: "Oga, mun gode, muna gani sarai! Tun daga titi muka gan ku!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire hulunan nan, a ɓoye littafin nan, a ja teburin gefe."

"In babu rajista, yaya za a san mun yi aikin?"

"Makafi za su gani, su ba da labari."

Bai yarda ba. Muka zauna muna kallon likita, likita na kallon agogo. Da haushi ya ishe ni na cusa hulata a aljihu na shiga kasuwa. A layin doya na tarar da tsohuwa ɗaya tak da ba ta gudu ba. Ta ƙura mini ido, ta matso da fuska kusa, sannan ta tafa hannu.

"Kai, Malam mai rasit! Kana nan, bai mutu ba?"

Matar abokinmu ce ta Karu, Hausarta ta Gwari tana nan yadda na san ta. Ta dawo wurin 'yarta a Dutse tun tuni, ban sani ba.

"Mama, ke me ya hana ki gudu?"

"Ƙafa ba ya yarda. Da yana yarda, ka ga ƙura na."

Na yi mata bayanin likita. Ta ce ido kam yana ba ta wahala, har canji sai ta shafa. Sannan ta ce, "Ku ne kuka binne maigida. In tarko ne ma, mu je."

Muka taho a hankali, duk kasuwa tana leƙe ta ramin ƙofa. Da ta isa teburin ta ga rajista da littafi, sai jiki ya tuna abin da ya saba. Kafin kowa ya yi magana ta kwance bakin zani, ta fito da wata leda, ta zazzage. Rasit ne fal, na shekara da shekaru. "Oga, duba. Ni ba na bin kowa, kowa ba ya bi na."

"Mama, ba sai kin nuna ba," in ji Hajiya.

Amma Ciyaman ɗan haraji ne. Ka zuba rasit a gabansa ka ce kada ya duba, kamar ka zuba tsaba ne a gaban kaza. Yana juyawa yana juyawa, sai ya tsaya a kan wani da ya yi ja don tsufa. Ya karanta da ƙarfi: "An karɓi gaisuwar mutuwa daga ma'aikatan haraji, mutum bakwai." Ya juya bayan rasit ɗin. Sa hannu uku, dangwale huɗu, da kwanan wata.

Wallahi na manta. Sai a lokacin na tuna: da za mu tashi daga gindin mangwaron, na ga bai dace mu shiga gidan mutum mu fita ba takarda ba. Hannuna ya yi abin da ya iya, na yaga na miƙa mata. Ga rubutuna nan kamar tafiyar kaza.

"Mama, kika ajiye wannan duk shekarun nan?"

"Takardan gwamnati ne. In an zo an ce ban biya mutuwa ba fa?"

Aka duba idonta, aka sa mata tabarau. Ta waiga ta dube ni ta ce ashe na fi yadda take zato tsufa. Ta koma layin doya tana shela, ba a karɓi ko sisi ba. Mai tumatir ce ta fara sauka daga kan faifanta. Kafin azahar layi ya kai titi, Hajiya da kanta ta tura littafin tikitin ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Littafin tarihi ya fito. Shafi na farko hoton rasit ɗin ne, gaba da baya, otal ya koma shafi na uku. Na ɗauka na ci nasara, har na sa aka karanta mini abin da ke ƙasan hoton da ƙananan baƙaƙe, don nawa tabaraun bai kai can ba. Ciyaman ya rubuta cewa wannan ita ce takarda mafi tsufa a tarihin ƙungiya, kuma ƙungiya ba ta goyon bayan amfani da rasit na kansul a harkar da ba ta kansul ba.

Na same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, wato ni ne uban ƙungiya, ni ne kuma mai laifinta na farko?"

"Haka takarda ta nuna, Baba."

Na ce to a rubuta mini haka ɗin, a buga hatimi, in ajiye.