Jar Dawa Sai a Hannun Maigida

Shekarar da yunwa ta sa muka ci anza, 'ya'yan itacen daji, har ɗacinta ya daina damunmu, a shekarar mijina ya karya mini hannu. Ba zan yi masa ƙarya ba ko da yake yanzu ƙasa ta rufe idonsa: kafin fari mutum ne mai faɗa, amma faɗan baki. Da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, awaki suka ƙare, sai ya koma zaman gindin rumbu. Kuka ko na jinjiri ne, a jikina yake hucewa.

A garinmu, can wajen Gouna, mace in ta sha wuya yaji take yi. Ta tafi gidan ubanta, miji ya zo biko, manya su ja masa kunne. To, yaji ma sai da rumbu. Na je da 'ya'yana uku, babana ya dube su, ya dubi ƙasa, ya ce, “'Yata, ki yi haƙuri ki koma.” Ban ji haushinsa ba. Na ga tukunyarsu a kife.

Ranar da taɓarya ta sauka a hannuna, wata maƙwabciya ta raka ni asibitin Mirriya. Likitan ya ɗaure hannun, ya ce wannan ba faɗuwa ba ce. Ya aika aka kira madam ta ƙungiyar mata, wata doguwa mai tabarau da ba ta tsoron kowa. Ita ta kai ni wurin jandarmomi, ta yi ta zuba Faransanci tana nuna hannuna. Kumandan ya sa aka kira maigarinmu ya shaida, kafin la'asar an taho da mijina a bayan mota. Wallahi ban taɓa ganin hukuma ta haɗa kai da sauri haka ba. Kowa ya yi aikinsa. Ranar na yi barci kamar an sauke mini jakin itace daga ka.

Sai ga motar taimako ta kawo jar dawa. Tsarin rabon kuwa tun na haraji ne: maigari ya kira maigida, maigida ya miƙa buhu, a auna masa da tiya gwargwadon bakunan gidansa. Mace ba ta miƙa buhu. Na tsaya a rana da nawa buhun, hannu a rataye. Da aka zo kan gidanmu, kafin in ɗaga ƙafa, wan mijina ya matso. Aka zuba masa.

Na bi shi har ƙofar gidansa. “Yaya, dawar yara fa?”

“Wadda ta ɗaure maigida ai ta ƙoshi,” in ji shi. “Ki je jandarma su ba ki tuwo.”

Na koma wurin maigari. Ya ce shi ya ba namijin gidan, abin da ya san ana yi ke nan tun kakanni. Na taka har Mirriya. Madam ta yi faɗa, ta buga tebur, ta ce za ta kai magana Damagaram, amma sai manya sun zauna. Ta ba ni abin da ke cikin kwanonta. Allah Ya saka mata, sai dai kwano ɗaya ba ya riƙe yara uku har wata motar taimako ta zo. Kumandan kuma ya ce shi maganar dukan da aka yi mini ce aikinsa, hatsi ba ya cikin abin da aka ɗora masa. Kowa da gaskiyarsa, ni da yunwata. Autana ta kai ba ta kuka, sai dai ta buɗe baki ta rufe.

Da aka ce motar za ta dawo, na sake zuwa na tsaya gaban kumandan. Na ce a saki mijina.

Ya daɗe yana dubana. Ba mugu ba ne, na ga abin ya dame shi. Ya ce, “Baiwar Allah, likita ya shaida, maigari ya shaida. Ba na iya buɗe ƙofar nan sai in ke kika ce da bakinki ba haka aka yi ba.”

Madam tana tsaye, ta ce, “Ƙanwata, kar ki yi.”

Na ce, “Santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya.”

Rijiyar da ta ƙafe tun bara! Duk wanda ke ɗakin ya sani. Na ji kunya, na ji baƙin ciki.

Aka saki mijina. Da motar ta zo, ya miƙa buhu, aka auna masa. Ya ɗora a ka yana gaba, ina biye. Na daka da hannu ɗaya, yara suka sha kunu, auta ta samu ƙarfin yin kuka. A daren ya gane abin da na gane: ba ni da sauran inda zan kai shi.

Kafin damina ta faɗi na koma asibitin da ido a kumbure. Likitan nan ne dai. Ya wanke, ya shafa magani, bai aika a kira kowa ba. Da zan fita ya ce, a hankali, “Rijiyar ce kuma?”

Na ce, “Ita ce.”