Na Shafa wa Akushin Mama Banish

Na fara tara tsofaffin kaya ne a shekarar da na bar aikin koyarwa. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya rasu a unguwarmu a Kafanchan, 'ya'yansa suna share ɗakinsa suka jefo fitilarsa waje, irin mai gilashi ja da kore da ake yi wa jirgi alama da ita. Na ɗauka na goge. Daga nan abin ya kama ni. Ranar kasuwa sai in hau babur zuwa Manchok ko cikin ƙauyuka, ina tambaya ko akwai tsohon abin da aka daina so. Na sami anini mai huda, da dutsen guga na gawayi, da wata garma da tsatsa ta cinye bakinta. Na sa kafinta ya yi mini kabad mai gilashi a falo, kowane abu na rubuta masa 'yar takarda na ajiye a gabansa.

Ni dattijo ne a ikilisiyarmu. Idan Fasto ya yi tafiya nakan yi wa'azi, kuma na sha tsayawa gaban jama'a in ce kayan duniya a nan za mu bar su, dukiyar da ba ta lalacewa tana wurin Ubangiji. Ban taɓa jin maganar ta shafi kabad ɗina ba. A ganina tarihi nake ceto.

Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu kusa da Fadan Kaje. Tana da wani baƙin akushi na itace, wanda uwarta ta ba ta ranar aurenta, kuma a ciki take cin abinci tun ina yaro. Gefe guda ya lotsa inda babban yatsanta yake riƙewa. Wata Kirsimeti na kai mata faranti shida na tangaran, sannan na roƙe ta akushin.

"Malam," in ji ta, don haka take kirana idan za ta tsokane ni, "duk makarantar da ka yi, kwasar bola ka ƙare da ita?"

"Mama, ajiye miki zan yi, kada gara ta ci."

"Wace gara? Kullum ina ci a ciki, ta ina za ta shigo?"

Na nace. Akwai baƙi a gidan, ba ta so ta hana ɗanta a gabansu. Ta wanke shi da kanta, ta goge da bakin zanenta, ta miƙo mini. "Aro ne fa," ta ce.

Da na dawo Kafanchan na kai wa kafinta, na ce ya shafa masa banish don ya yi ƙyalli ya daɗe. Ya juya shi a hannu ya ce, "Baba, ba a cin abinci a ciki?" Na ce an daina. Ya shafa sau biyu. Na sa shi a tsakiyar kabad, kuma duk baƙon da ya shigo shi nake fara nuna masa.

Bayan shekara biyu ciwo ya kama Mama, muka ɗauko ta zuwa gidana don ta yi kusa da asibiti. Likita ya ce maganin ba zai yi aiki ba sai tana cin abinci. Ita kuwa ta ƙi ci. Matata ta yi mata faten acca da yakuwa, abin da ta fi so, ta zuba a faranti. Mama ta taɓa ta janye hannu. Ta ce tangaran yana santsi, yana kuma sanyaya abinci kafin mutum ya kai loma ta biyu. Idanunta ma sun yi rauni a lokacin.

"Ina akushina?" ta tambaye ni. "Aron bai ƙare ba?"

Na ce yana nan lafiya, gobe zan kawo. Gobe ta yi, na sake cewa gobe. Ba mantawa na yi ba. Ina tsoron ta ga abin da na yi masa, kuma a can ƙasan zuciyata ba na so fate ya taɓa shi. Kwana uku makullin kabad yana aljihuna, ina shiga ɗakinta da safe in yi mata addu'a in fito.

A rana ta uku matata ta tare ni a ƙofar kicin. Ba mai ɗaga murya ba ce. "Baban yara, kwano ne fa. Uwarka ba ta ci komai ba tun ranar Litinin. Ka buɗe kabad ɗin nan ko in fasa gilashin."

Na buɗe na kai mata. Mama ta shafa shi ciki da waje, ta kai hanci ta shinshina.

"Me ka sa masa?"

"Banish, Mama. Don ya daɗe."

"Irin wanda ake shafa wa akwatin gawa?" Ta yi dariya har tari ya kama ta. "To, Malam, shi ka gama shirya shi. Saura ni."

Duk da haka matata ta zuba faten a ciki. Da zafin abincin ya taɓa banish ɗin sai wari ya tashi, har ni da nake tsaye na ji. Mama ta kawar da kai.

Da rana na zauna a bayan ɗakin Mama ƙarƙashin mangwaro da sanfefa da fasasshiyar kwalba, ina kankare akushin. Itacen ya riga ya sha banish ɗin. Ina kankara baƙin yana fita, fari yana bayyana, warin yana nan. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Ubangiji. Uwata tana kwance da yunwa a bayan tagar nan, ni kuwa ina kallon akushin ina jin zafin yadda nake ɓata shi. Har na lura ina kankare gefe guda kawai, ina barin ɗayan da ƙyallinsa.

Ta ji ƙarar ta taga. "Malam!"

"Na'am, Mama."

"Bar wahalar da kanka. Inda zan je ba a zuwa da kwano. An riga an shirya mini a can."

Na ajiye sanfefar nan take. Ban yi mata gardama ba ko sau ɗaya.

Da yamma matata ta wanke hannu ta zauna a bakin gado, ta riƙa ɗebo faten da yatsunta tana kai mata baki. Mama ta karɓi loma huɗu, ta ce, "'Yata, ya isa, Allah ya sa miki albarka." Haka aka ci gaba har kwana tara, sannan Mama ta tafi gida wurin Ubangiji.

Likita ya ce ko da ta ci a kwanakin nan uku, da wuya abin ya canza. Na gode masa. Amma ni ba kwanakin rayuwarta ta roƙe ni ba. Ta roƙi ta ci abinci a kwanonta, kuma ban ba ta ba.