Kwaɗo a Ƙofar Gidanmu

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da manyan bas na Yawunde suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa babana yake dawowa daga aiki. Kafin ya iso, mu jikoki muna tsakar gida a unguwar Briketeri, mun zagaye murhun Kaka Dije tana tuƙa tuwo. Tsohuwar nan ba ta san tausayi ba a tatsuniya. In ba a mutu ba, labarin bai yi mata daɗi ba.

"Maigidana, share majinar nan, ga ta nan tafe," in ji ta, da ni take. Muka ce ta iso mu ji.

Wai fari aka yi, rafi ya yi nisa, ƙananan dabbobi na mutuwa a hanya. Zaki ya ce giwa ta taka miƙaƙƙiyar hanya, ta riƙa goya su. Aka aiki ungulu ta duba inda babu gidan kowa. Zabuwa kuwa tana kwance kan ƙwanta cikin ciyawa. Ungulu ta sauko ta yi sallama, zabuwa ta lafe, don uwarta ta gaya mata duk mai tambayar yawanku cinye ku zai yi. Washegari giwa ta bi ta wurin.

"Fus! Fus!" Kaka na buga muciya a ƙasa tana ƙyaƙyata dariya. Ƙanwata ta tambaya cikin kuka ko ƙwai ɗaya ya tsira.

"Ko ɓawo. Dabbobi suka sha ruwa, suka yi wa giwa kirari. Ku tashi ku ba ni wuri."

Abin haushi, ita ma Kaka halinta ke nan. A wurinta ƙirga yara mutuwa yake jawowa, ƙirga manya kuma haraji. Da an ce masu takarda sun shigo unguwa, sai ta sa a garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje, wanda ya kulle ya hauro katanga, kowa ya yi tsit.

Na girma na yi boko, na samu aiki da masu tsara layin sabbin bas. A takardarmu layin ya ratsa unguwarmu. Aka tura mu rubuta mazauna gida-gida, don wanda aka rubuta kaɗai za a ba matsuguni. Ban taɓa gaya wa abokan aikina a nan aka yanke cibiyata ba.

Muka iso ƙofar gidanmu, ga kwaɗo. Kaka ta daɗe da rasuwa, amma na san ƙanwar babana, Goggo Asabe, tana ciki da jikokinta huɗu. Har ƙamshin daddawarta nake ji. Shugabarmu ta toshe hanci saboda kwata, ta ce da Faransanci wane mahaluki zai zauna a wannan rami. Aka yi dariya, wallahi har da ni. Ta ce in rubuta kango, na rubuta.

Da can wautar zabuwa nake gani. Yanzu ungulu nake tunawa, ita ko ba komai ba ta san da mutum a ciyawar ba.

Ranar da aka shafa wa bangon gidan jan fenti, alamar za a rushe shi, Goggo ta kira ni a waya.

"Ɗana, kai da ka yi boko, bincika mana wane marar imani ne ya rubuta ba kowa a gidan nan."

Na ce, "To, Goggo, zan bincika."