Mai Eriya a Kan Rufin Shago

Surukina Walid ya fara gaya min: 'yan rediyon oba-oban nan da ake haɗawa da hannu, a kwali an rubuta suna kai kilomita goma, amma tsakanin gine-gine ko ƙarshen layi ba sa kaiwa, sai an hau sama.

To ana tsakiyar yaƙi, ga wani dogo a kasuwar garinmu da ake kira Kasuwar Libiya, jallabiya duk jini, tsaye kan rufin shago, ya ɗaga eriya. Harsashi na huda kwano kusa da ƙafarsa. Layukan waya duk sun ɗauke, ina zaton iyalinsa na ƙetaren kogi.

Wata mai shayi ta ce, "Ya zol, bawan Allah, sauko, za su kashe ka!"

"Hajiya, in na sauko na rasa su!"

Ya Sattar. Yana ta ihu, "Ni'mat, kina ji na?" Rediyon na shuuu, can ƙasa-ƙasa kukan jariri.